Hannun Na Gaba

Da famfon keke Dogo ya fasa wa wani direba hanci. Laifin mutumin bai wuce matse shi da ya yi a gefen titi ba, har madubin motar ya shafi gwiwar hannunsa. Dogo ya cim masa a bakin gada, ya zura hannu ta taga ya finciko kwalarsa, ya sauke masa ƙarfen sau biyu. Jini ya wanke gilas.

"Gobe ma ka ƙara, ɗan iska," in ji shi, ya haye kekensa.

Haka Dogo yake. Shekara ashirin yana tseren keke, kofunan da ya ci ba su kai yawan haƙoran da ya zubar wa mutane ba.

Bai yi nisa ba ya ji rurin inji a bayansa. Ya waiga. Motar ce, ta cinye tsakiyar titi, tana tafe ba gaggawa kamar mai kora akuya gida. Hagu gonaki, dama gonaki, ba gida ba ɗan Adam, ga iska ta tokare masa ƙirji. Can kan tudu ya hango hasumiyar wani tsohon gari mai ganuwar dutse. Bai taɓa shigarsa ba, amma ya san irin ƙofofinsu: an gina su tun duniya ba ta san mota ba, doki ɗaya suke ɗauka. In ya kai ƙofar ya sha. In bai kai ba, taya huɗu za su bi ta kansa.

A mararraba wani mai keke ya ɓullo. Siriri ne, da hular kwano da baƙin tabarau, ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Duk juyin feda gwiwarsa ta hagu sai ta ɗan buɗe waje.

"Ɗan'uwa, ja ni! Kashe ni za a yi!"

Baƙon ya sha gabansa. Ya bubbuga ƙugu da tafin hannu, wato manne mini.

Masu keke suna da ƙa'ida. Na gaba ne ke yanka iska, na baya ya lafe, tsakanin tayarsa da ta gaba taƙi ɗaya. Na baya ba ya ganin titi, gadon bayan ɗan'uwansa kawai yake gani, don haka idonsa yana hannun na gaba. In rami ne, a nuna ƙasa da yatsa. In dutse ne ko turke, a kai hannu baya a kaɗa yatsu biyu. Ko maƙiya ba sa wasa da wannan.

Rabon Dogo da tafiyar mutum biyu shekara shida ke nan, tun ranar da matarsa, tana manne da tayarsa, ta daki turken wata gada, ƙugunta ya tarwatse. Mutane suka ce tsautsayi, shi ma haka ya ce. Tana gadon asibiti takardar saki ta same ta.

Baƙon ya iya ja. Rami, yatsa. Reshe, yatsu biyu. Ko tsakuwa ce sai ya nuna, kuma da wuri, a tsanake. Dogo yana haki ya ce a ransa, wanda ya koya wa yaron nan ya san aiki.

Motar ta matso. Ta danna ham, bambarta ta sumbaci tayarsa ta baya, keken ya yi tangal-tangal. Dogo ya ɗura ashar, ya ƙara dannawa. Cinyoyinsa suka ɗauki wuta, bakinsa ya cika da ɗanɗanon ƙarfe. Ya sunkuyar da kai, ya daina kallon komai a duniya sai hannun nan na dama.

Kwalta ta ƙare, shimfiɗar duwatsu ta fara, haƙora na kaɗawa. Hanya ta gangara zuwa ƙofar. Baƙon bai taɓa birki ba, Dogo ma bai taɓa ba. Inuwar ganuwa ta rufe su. Hannun yana nan kwance a kan sitiyarin keken, lafiya lau.

Sai bayan da yake bi ya zame hagu, kamar an yaye labule.

Turken dutse ne, tsayin cinya, a tsakiyar ƙofa, an kafa shi don hana motoci. Tayar gaba ta naɗe kamar faifai. Takalman tsere a maƙale suke da feda, don haka keken bai sake shi ba, tare suka tashi, tare suka daki bango. Ya ji ƙarar ƙugunsa kafin ya ji zafin. Ƙafarsa ta dama ta kwanta ta inda ƙafa ba ta kwanciya, ƙashi ya leƙo ta wando. Jini ya bi tsagin duwatsu, tantabaru suka watse daga hasumiya.

Motar ta tsaya. Direban ya sauko da tsumma a hanci. Dogo ya kare fuska yana jiran duka, amma mutumin ya tsallake shi kamar buhun shara, ya nufi baƙon.

"Ƙafar ta riƙe?" in ji direban.

Baƙon ya gyaɗa kai, ya jingine keke, ya tako yana ɗingishi.

"Ba ka ɗaga hannu ba," in ji Dogo, jini na kumfa a bakinsa. "Ka gan shi... ba ka ɗaga ba!"

Baƙon ya tsuguna da ƙyar, ya zare tabarau, ya sauke ƙyallen.

"Ni ma ranar nan hannunka na zuba wa ido, maigida," ta ce. "Har yau ina jira ka ɗaga."