Kwamfutar da Auta Ta Saya

A shagon mai gyaran kwamfuta, Auta ta ture kwamfuta ta uku gefe. Kuɗinta kaɗan ne, amma ta san abin da ta zo nema.

"Mai ƙyallin nan fa?" in ji mai gyara. "Har katin hoto gare ta."

"Malam, wasan ces za a buga, ba fim za a kalla ba. Cire katin, ka ƙara mini a ƙwaƙwalwarta, firosesa da ram. Akwatin kuma ba ni wancan da ya lotse."

Babanta take saya wa. Kafinta ne, ya tsufa, hannu ya fara rawa, amma makullin shagonsa na ɗaure a ƙugu. 'Ya'ya sun yi magiya a sayar da wurin, ya ƙi. Hujjarsa ɗaya ce, ces, darar nan mai sarki da doki, wadda tun yana saurayi ba a taɓa cin sa a cikinta ba a unguwa. "Ranar da kaina ya kasa wannan, ku zo ku karɓi makulli." Auta kaɗai ba ta taɓa sa baki ba. Ita ke yanke masa farce.

Mai gyara ya sa babbar fanka don kada zafi ya rage wa kwamfutar gudu. Suka duƙa kan allo, shi da ita, har shayinsa ya huce.

Baba ya ga akwatin ya tuntsire da dariya. "Wannan gwangwanin ne abokin karawata? Sa mini matakin yara in ɗumama hannu."

Kwamfutar ta cinye shi. Ya ce hasken taga ne ya shiga idonsa. Washegari ta gama da shi kafin ya gyara zama. Kullum haka, rubutun nan kuwa na saman allo yana kallonsa: matakin yara. Ya daina tsokanar jikoki. Katako ma in ya auna sai ya kira wani ya duba masa.

"Auta, tsakaninki da Allah, na fara ruɗewa ko?"

"Haba Baba, gajiya ce," ta ce, tana gyara masa hula.

Ran nan ya kwance makullin da kansa, ya danƙa mata, ita da ba ta taɓa roƙa ba.

Bayan an sayar da shagon Auta ta mayar wa mai gyara kwamfutar don ya nemo mai saye.

"Sai na warware aikin da kika sa ni tukuna, Hajiya," in ji shi. "Wa zai sayi wadda ko matakin yara ka danna, da ƙarfinta na ƙarshe take bugawa?"