Ruwan Kirista a Butar Afa

Famfo ya daɗe bai kawo ruwa a Dabokpa ba, galan ɗaya tak ya rage mana. Ranar Asabar ce, Mma ta ajiye shi don ta wanke mana kayan coci. Gab da la'asar sai ga Afa, tsohon malamin da muke katanga ɗaya da shi, ya yi sallama da butarsa a bushe.

Mma ta ce, "Tashi ki cika wa Baba."

Na matsa kusa da kunnenta na yi raɗa, irin raɗar yara da duk gida ke ji: "Mma, ruwanmu na Kirista ne fa. Alwalarsa za ta kama?"

Afa ya yi dariya har hularsa ta zame. Mma kuwa sai da ta dafa turmi. Da ta nutsu ta ce, "Ubangiji ya umarce mu mu taimaki maƙwabci. In kin gaskata shi, ba a baki zan gani ba. Cika butar, sauran kuma ki kai gidansu, randarsu ma a bushe take."

Na kai, ina ƙunƙuni, don na san gobe da riga mai tabon miyar ayoyo zan shiga coci.

Har yau in biyayya ta yi mini nauyi, muryar tsohon nan nake ji, sai in kama murmushi ni kaɗai. A ranar, yana idar da sallah ya leƙo ta katanga, gemunsa da sauran danshi.

Ya ce, "'Yata, ta kama!"