Zanen Goyo Mai Ido

Tun da aka ƙirƙiro rinin da ke adana hoton duk abin da haske ya taɓa, hukuma ta wajabta shi a kan kowane zanen goyo, don ta riƙa duba yadda iyaye mata ke raino. Da hantsi Ladidi ta kai nata marina.

"Baba Ɗanjuma, tsoma mini shi a shuni."

Tsohon ya sassauta murya. "'Yar nan, shuni zai makantar da shi. Masu duba zane za su ce kina ɓoye wani abu."

Ta ɗaga zanen a rana. Sai ga hoton jaririnta a jikin zanen yana shan mama, ga ƙirjinta a fili.

Ta ja tsaki. "Ƙattin da ko majina ba su taɓa share wa yaro ba, su ne za su koya mini raino? Tsoma shi sau biyu."