Turancin Takardar Tsire

Kai ma ka zo mini da 'yar kalmarka ɗaya ta Turanci kana juya ta kamar sabon kwabo, har kana gyara mini zance, ni da furfurata. Ba komai, na yafe. Amma zauna ka ji abin da ya sami wanda ya fi ka iya juyi.

A wani ƙauye an yi wani mai gyaran keke da ya yi aji uku a firamare ya gudu. Wata ranar kasuwa ya sayi tsire, aka naɗe masa a shafin wani tsohon ƙamus, kuma shafin nan gaba da baya bayanin kalma ɗaya yake yi, wato get. Gogan naka ya lashe yajin, ya shanya takardar, ya tsare wani malamin makaranta da ya kawo faci, ya hana shi kekensa sai da ya fassara masa ita layi-layi. Ya haddace tas. Daga ranar ba a sake shan iska a garin ba. A wurin suna, a majalisa, har a zaman makoki, sai ya gyara hula ya fara: kalmar nan samu ce, kamawa ce, zama ce, isa wuri ce, gane magana ce, kuma asalinta ma ba ta Ingilishi ba ce, wasu masu jiragen ruwa ne daga can arewacin Turai suka kai musu ita. Jama'a su riƙe baki. Aka sa masa Malam Bature, shi kuwa har tafiyarsa ta sake, ya daina amsa sallama sai an haɗa da sunan.

Da damina ta yi nisa, tsutsa ta faɗa wa waken garin. Maƙwabcinsa, wanda gonarsu ke haɗe da kunya ɗaya, ya samo kwalbar maganin feshi wurin wani ɗan'uwansa, rubutun jikinta duk Turanci, ya kawo masa a gaban mutane ya duba ko na tsutsa ne. Malam Bature ya bi rubutun da yatsa daga sama har ƙasa yana neman kalmarsa. Babu ita. Ya juya kwalbar, babu. Gumi ya karyo masa a ƙarƙashin hula. Cewa "ban sani ba" ba ta fi numfashi ɗaya ba, amma ina zai kai sunan? Sai ya ga hoton koren ganye a gefe, ya yi gyaran murya ya ce ai wannan shi ne uban magungunan wake, a zuba da yawa, Turawa ba sa son rowa. Ya ɗora musu da tarihin masu jiragen ruwa, aka watse ana sa masa albarka.

Kwana biyu bayan nan ya nufi gonarsa da sassafe yana fito. Yana shan kwana fiton ya maƙale. Waken da ya bari kore shar, abincin gidansa na shekara, ya kwanta ja wur kamar an bi shi da wuta, ko ganye ɗaya bai tsira ba. Daga kunyar iyaka zuwa can kuwa na maƙwabci na tsaye da 'yan tsutsotsinsa, yana kaɗawa. Ya yi salati ya zauna daɓas a ƙasa, hula ta yi nata wuri. Ashe maganin kashe ciyawa ne. Ashe kuma maƙwabcin, don godiya, ya ga bai kamata jahili ya riga malami amfana ba, ya fara feshe gonar Malam Bature a ɓoye, ya zuba da yawa yadda aka ce, kwalbar ta ƙare kafin ya kai ga tasa.

Sai ga maƙwabcin nan tsaye, hannu a ka. "Malam Bature," in ji shi, "ko dai akwai wata ma'anar a bayan takardar da ba ka kai gare ta ba?"

To ka ji. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.