Ladanin da Numfashinsa Ya Ɓace

Ka ce tunda ciwon nan ya sami Baba ba za a bar shi ya taka ko bakin zaure ba? To zauna ka ji. Ni kam ba na shiri da tausayin da ke kwantar da mutum.

An yi wani ladani a wani ƙauye, shekara ashirin yana kiran salla. In ya ja "Hayya alal falah" da numfashi guda, har masu lambu a fadama sai sun ajiye fartanya. Rana ɗaya shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi. Da yake da sauran shan ruwa, bayan wata huɗu hannu ya dawo, baki ya miƙe, ƙafa ma ta dawo sai ɗan ja. Mutanen gari, don girmamawa, suka hana shi komai. Buta a kawo masa, tabarma a shimfiɗa masa, masallacin da gida uku ne tsakani ma a babur ake kai shi. Ranar da ya miƙe zai kira la'asar, kabbara biyu ya yi ya hau haki, kira ya tsinke a tsakiya. Abin ya ɗaure masa kai. Hannu da ƙafa ciwo ya kama, to wa ya sace numfashin? Ya sha zuma, ya sha citta da kanumfari, ya ƙara kwanciya wai don ya tara ƙarfi, abu sai ƙara lalacewa yake yi. Liman, cike da kunya, ya ce in azumi ya kama a haka dole a ba wani kiran. Ranar nan bawan Allah ya yi kuka.

Da ya koma asibiti, likita ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta ce kullum ya yi tafiya har numfashi ya yi nauyi amma yana iya magana, yana ƙarawa da kaɗan kaɗan. Ya ce, "Likita, ƙirji na kawo ƙara, ke kuma kin kama ƙafa?" Ya fito yana ganin ba ta fahimce shi ba, amma da yake ba shi da wata dabara, ya ɗauki sanda. Satin farko iyakarsa darbejiyar ƙofar gida, maƙwabta na zagin 'ya'yansa wai ba su da imani. Daga nan ya kai rijiya, daga rijiya ya kai bakin fadama, ya dawo yana gumi yana mita. Ana gobe azumi ya miƙe kiran azahar. Ya ja, ya ja, bai tsinke ba, can a fadama aka ajiye fartanya.

Har yau in ka tambaye shi yadda tafiya ta gyara kira, girgiza kai yake yi, ya ce shi ma bai gane ba. Kai ma ba sai ka gane ba. Je ka ji ta bakin likitan Baba, ka miƙa masa sandarsa. Hausawa dai sun ce, motsi ya fi laɓewa.