Kalmar da Kawu Ya Kawo Daga Lakwaja

Ina yaro a Tasawa kawuna ya dawo daga fatauci, rigarsa na ƙamshin goro. Da la'asar jakinsa ya turje a bakin rijiya, sai ya daka masa tsawa: "Kamon!"

Na ce, "Kawu, wane yare ke nan?"

"Na nasaran Ingilishi ne, a Lakwaja na ji shi. Haka suke kora dabba, haka suke gaggauta ɗan dako. In suka sassauta murya, lallashi ne."

"Har dattijo?"

"Har shi, ba ko sallama."

Kakata tana jan guga ta ce, "Mutum da jaki kira ɗaya? Allah ya raba mu da su."

Nasaran da suka zo mana daga baya wani yare dabam suke yi. Amma ranar da na ji tsawarsu, ban nemi tafinta ba.