Ƙarar Masu Motar Dizal

Edeltraud ta riga ta sa rigar sanyi tana tsaye a bakin ƙofa, mijinta Detlef kuwa yana ta ɗaga jaridu wai yana neman makullin mota.

"Yana aljihunka, Detlef. Ka daina wasan yara, za a fara ba mu."

Taron na masu motar dizal ne, waɗanda za su haɗa kai su maka kamfanin motocin garin a kotu kan maguɗin hayaƙi. An sayar musu da motocin da sunan masu tsafta, ashe an ɓoye wata manhaja a cikin injin. In mota ta ji tana ɗakin gwaji sai ta rage hayaƙi, in ta hau titi sai ta saki guba son ranta. Rabin mutanen garin na Ahlenstedt irin motar suke hawa, sauran kuma su suka ƙera ta.

Detlef Rohde a ɗakin gwajin nan ya yi aiki har ya yi ritaya. Tun ranar da asiri ya tonu bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba.

Edeltraud ba diyya ce ta dame ta ba. Ɗansu ɗaya tilo, Torben, injiniya ne a sashen manhaja, kuma shi kamfani ya miƙa wa masu bincike da wuta ta taso. Manyan da suka ba da umarni suka koma gida da fanshonsu, Torben ya tafi gidan yari. Matarsa ta ɗauki 'yarsu ta koma wurin iyayenta a Bremen.

"Sun cinye mini ɗa," haka take faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarenta. "Ko allura na samu sai na soka musu."

 Detlef ne ya nemo wa Torben aikin, shi ya kama hannunsa ya kai shi gaban shugaban sashen. Duk ranar ziyara yana zuwa gidan yarin, ya zauna yana kallon tebur. Wata rana Torben ya ce masa, "Baba, ka daina wannan fuskar, ai ba laifinka ba ne." Da Detlef ya fito sai ya kasa tayar da mota, ya daɗe a zaune a cikinta.

Sau ɗaya Edeltraud ta taɓa tambayarsa, shi da yake tsaye a kan na'urar gwajin kullum, bai ga komai ba? Ya ce aikinsa karanta lambobi ne. Ta ɗauka amsa ce.

Zauren 'yan kwana-kwana, inda ake taron, ya cika maƙil, ƙamshin kofi da kek ɗin tuffa ya gauraye da warin jiƙaƙƙun riguna. Maƙwabcinsu Uwe, direban bas, ya hango su daga nesa.

"Kai, Rohde! Mai auna hayaƙi ya zo ƙarar hayaƙi? Yau kura ta zo gadin akuya!"

Aka yi dariya. Detlef ya yi ƙoƙarin murmushi bai yiwu ba, ya nemi kujera can baya. Edeltraud ta zauna kusa da shi, ta saƙale hannunta a cikin nasa.

Lauyar da ta zo daga Hannover, Frau Ahrens, ta yi bayani ba tare da ado ba. Duk mai irin motar zai iya shiga, ba a biyan komai sai an yi nasara, kuma yawan masu ƙara shi ne ƙarfinsu. Mutane suka fara gyaɗa kai. Edeltraud ta zunguri mijinta da gwiwar hannu ta ce su tashi su shiga layi tun bai yi tsawo ba. Bai motsa ba. 

Sai Uwe ya miƙe. "Malama lauya, kamfanin nan lauyoyinsa sun fi tururuwa yawa. Mu me muka riƙe?"

Frau Ahrens ta ce bari su ji da kunnensu. Akwai wata waya da wani ya buga wa hukumar kula da muhalli ba tare da ya faɗi sunansa ba, kuma daga ita aka fara binciken gaba ɗaya. An naɗi muryar, yanzu tana cikin shaidun kotu. Ta danna na'urarta, zauren ya yi tsit.

Muryar ta fito a dishe, kamar an rufe bakin wayar da ƙyalle. Ta ce wa jami'an hukumar su daina gwada motocin a ɗaki, su ɗaura na'ura a bayan mota su hau babban titi, sannan su buɗe manhajar injin su duba.

"Wa ya rubuta manhajar?" in ji jami'in hukumar.

"Ban sani ba," muryar ta amsa. "Amma ko ɗan waye, kada ku ƙyale shi."

Zauren ya kaure da tafi. Uwe ya buga tebur yana cewa wannan shi ne namiji, da ya san shi da ya saya masa giya har ƙarshen rayuwarsa. Mutane suka tashi suna turereniya zuwa teburin sa hannu.

Edeltraud ba ta yi tafi ba. A hankali ta zare hannunta daga na Detlef ta ɗora a kan cinyarta, idonta a gaba. Ƙyalle zai iya ɓoye murya ga garin Ahlenstedt kaf, amma ba ga matar da ta tsufa tana jin ta kowace safiya a kan matashin da ke kusa da nata ba.